Hannun Hagun Goggo Jumai

Duk wanda ya tashi a unguwarmu a Azare ya san Goggo Jumai mai daddawa, amma awakin unguwar sun fi kowa saninta. Tana zaune a kan tabarma, ƙafafu a miƙe, idan akuya ta doshi shanyar kalwarta ba ta tashi, ba ta ko ɗaga murya. Sai ta lalubi totuwa ko ƙwallon goruba, ta wurgo shi ta ƙasa, hannunta na shafar tabarma, ka ji tim a haƙarƙarin akuya. Ban taɓa ganin ta kuskure ba. Abin da ya daɗe yana ci mini rai shi ne, da hagu take wannan jifa, alhali cin abinci da miƙa daddawa da gaisawa duk da dama take yi.

Yayar babana ce. Ni kuwa Allah ya yi ni da shegen tambaya, har a gida ana ce mini 'yar jarida. Na tambaye ta ya fi a ƙirga, kullum amsarta ɗaya ce, wai in je in tambayi akuyar. Sai da na haihu na dawo gida wanka, ta zo ta tare a ɗakina kwana arba'in, sannan na samu na tatse labarin kaɗan-kaɗan, ina shan kunun kanwa tana yi wa jaririya gashin cibiya.

Bahaguwa aka haife ta. Mahaifinsu Malam Talha bai damu ba, amma a gidan akwai uwarsa, Ya Fanna, tsohuwar da iyayenta suka zo da ita daga Barno tun tana goye, mace mai tsari wadda ko tsintsiya ka jingine a karkace sai ta tashi ta gyara. Ranar da ta ga Jumai ta kai loma da hagu, sai ta ɗauko zunguru, doguwar ƙwaryar nan da mata ke zura hannu a ciki idan sun ƙunsa lalle, ta zura hannun yarinyar ta ɗaure. Haka aka yi ta yi duk lokacin cin abinci har kusan shekara guda. Ba mugunta ba ce. Ya Fanna tana son jikarta kamar ranta, tsoronta kawai kada a ce gidansu ba tarbiyya. Jumai ta koyi ci da dama, karɓa da dama, bayarwa da dama, hagu kuwa ta koyi ɓoye shi a cikin zane.

A gona kaɗai hannun yake shan iska. Idan gero ya fara nuna, tsuntsayen jan-baki suka sauko, Jumai ake turawa kora tun da sassafe. Can ba mai ganinta, sai ta tara hoge ta yi ta jifa da hannun da ya fi mata daɗi. Kuma ta ƙasa take wurgawa, don yarinya mai ɗaurin ƙirji idan ta ɗaga hannu sama ta yi jifan maza, zanen ne zai fara isa ƙasa kafin hogen. Damina biyar tana wannan aiki, har ta kai tana zaɓar zangarniyar da za ta buga.

A shekarar 1955, tana da shekara goma sha biyu, aka rubuta ta a ajin 'yan mata da ke bayan wani dogon darni a gefen gari. Malamarsu, Malama Husaina, matashiya ce da ta yi karatu a Kano, ta dawo da keken ɗinki da wani wasa da ba wanda ya taɓa gani a Azare. Ta sa baduku ya dunƙule tsumma ya rufe da fata ya zama ƙwallo, ta sa masassaƙi ya fere sanda kamar guntuwar taɓarya, ta kafa turaku huɗu a fili. Ɗaya ta jefo ƙwallo ta ƙasa, ɗaya ta buga da sanda ta ruga ta zagaye turakun, saura su bi ƙwallon. Wadda ta kai bugu sau uku ba ta samu ba ta fita. Yaran suka sa masa suna ƙwallon sanda.

Manyan aji ne ke yi, su Jumai sai kallo. Ta ce mini kallon nan ya hana ta sukuni. Me ya sa ƙwallon wata ke tafiya a miƙe, na wata yana lilo? Idan aka murza shi da yatsu wajen saki, zai karkace kamar yadda hoge ke yi? Har ƙwallon ta taɓa ɗauka a ɓoye ta auna nauyinsa a tafin hannu, ta shinshina, ta mayar.

Ana nan sai Malama ta ce bayan kaka za a ɗebi yara tara a motar En'e a kai su Jama'are su kara da 'yan matan can, kuma kowa na iya gwadawa, babba da ƙarama. Jumai ba ta taɓa shiga mota ba, amma ta rantse mini ba motar ce ta dame ta ba. So take a ce ita ce mai jifa a cikin taran nan.

Ranar gwaji aka miƙa mata ƙwallo. A gabanta Talatu ce riƙe da sanda, doguwar yarinya da ta fi kowa bugu. Jumai ta dubi Talatu, ta dubi Malama, sai ta mayar da ƙwallon hannun dama, don mutum ce a tsaye ba tsuntsu ba. Jifan farko ya tafi gindin zogale. Na biyu ya faɗi a gaban ƙafarta ya gangara. Na uku ya sami wata da ke zaune tana tsifar kai, ba ruwanta da wasan. Malama ta ce to madalla, ta koma ta zauna. Jumai ta ce ranar ko tuwo ba ta iya ci ba don baƙin ciki.

Bayan kwana biyu, ana darasin ɗinki, Malama ta tsaya a kanta.

"Jumai, da wane hannu kika zura zaren nan?"

"Da dama, Malama."

"Ƙarya ba ta yi miki kyau. Zare ki sake in gani."

Ta gwada da dama, zaren ya yi ta sunkuyar da kai a bakin allura. Malama ta yi murmushi ta ce idan an tashi kada ta tafi. Da aka tashi ta kira Talatu da sandarta, ta danƙa wa Jumai ƙwallo a hannun hagu ta ce ta jefa.

"Malama, ai ba a miƙa wa mutum abu da hagu. Balle Yaya Talatu ta girme ni."

"Ni na ce ki jefa."

To, an sa ta a tsaka mai wuya. Umarnin Malama ba ya faɗuwa ƙasa, tarbiyyar Ya Fanna ma haka. Sai Jumai ta yi abin da aka koya mata a yi idan dole ta sa an ba da abu da hagu. Ta tallafi gwiwar hannun da hannun dama, ta ɗan rusuna, ta ce, "A gafarce ni, Yaya, hagu ne," sannan ta lallaɓa ƙwallon ta sake shi a hankali kamar mai miƙa ƙwai. Talatu ta ɗauke shi da sanda, ya haye darni ya faɗa gidan mutane. Yaran da suka tsaya leƙe suka yi dariya har da faɗuwa.

Malama ba ta yi dariya ba. Ta ce ranar Alhamis za ta rubuta suna tara, takwas ta riga ta san su, mai jifa ce ba ta samu ba. Idan Jumai ta zo da hannunta na gaskiya, to. Idan kuma da ban-haƙuri ta zo, wata za a ɗauka.

Kafin Laraba, duk bakin rijiyar unguwa 'yan mata na rusunawa suna ce wa juna "a gafarce ni, hagu ne". Magana ta isa kunnen Ya Fanna.  Ranar Alhamis da hantsi, yara sun jeru a fili, sai ga tsohuwa ta shigo ta ƙofar darni da mayafinta da sandarta, ta riƙo 'yar kujerarta ta tsugunno. Jumai ta ce ta tabbata an zo tafiya da ita gida ne a gaban kowa.

Malama Husaina ta durƙusa ta gaishe ta. Ya Fanna ta amsa, ta dasa kujerarta a inuwar zogale, ta ce a ba ta abin da ake jefawa ta gani. Ta jujjuya ƙwallon, ta matsa shi da babban yatsa, ta ce badukun da ya yi wannan ɗinki bai gama koyo ba. Ta sa aka kawo sandar ma ta ɗaga. Daga nan ta shiga tambaya, ta nan na gane inda na gado halina. Turakun nan na mene ne, tunda ba dabba a ɗaure? Wadda ta zagaye su me ake ba ta? Malama na amsawa da ladabi ɗaya bayan ɗaya.

Aka fara. Biyu suka gwada, Talatu ta watsar da jifansu. Da aka zo kan Jumai, ta saci kallon kakarta, ta mayar da ƙwallon dama, ta jefa. Ya tafi can wani wuri da ba kowa.

"Dakata," in ji Ya Fanna. "Malama, ita wannan doguwar mai guntuwar taɓarya, ba ta ƙwallon ake yi?"

"A'a, Iya. So ake ya wuce ta ba ta taɓa shi ba."

"Wato ba kyauta ba ce."

"Ba kyauta ba ce, Iya."

"Ba kuma aike ba ne aka ce a kai mata."

"A'a. Hana ta ake yi."

Tsohuwa ta tauna goronta. Can ta yafito Jumai da sanda.

"Ke, zo nan. Me da me na hana ki da hannun nan?"

"Ci, da bayarwa, da karɓa, da gaisuwa, Kaka."

"To wannan wanne ne a ciki? Hanawa ce fa. Yaushe na taɓa ce miki ki hana mutum abu da hannun dama? Hannun dama ya fi ƙarfin wannan aiki. Je ki yi da wanda kike korar mana tsuntsu, ko kin zaci ban sani ba? Kuma kada in ji kin ba ta haƙuri, ba ki yi mata komai ba tukuna."

Jumai ta koma ta tsaya. Ta ce hannun bai taɓa aiki ana kallonsa ba. Ta gyara ɗaurin zanenta, ta ja hannun baya, ta sako ƙwallon ta ƙasa. Talatu ta kai bugu bayan ya riga ya wuce, yarinyar da ke cafewa a bayanta ta yar da shi tana hura tafin hannu. Na biyu ma haka. A na uku Jumai ta murza shi da yatsu don ta ga abin da ta daɗe tana son gani, ya taho kamar zai bi ta dama, ya karkace ya shige ta gefen gwiwar Talatu. Talatu ta tsaya riƙe da sanda tana duban ƙasa. Ya Fanna ta ce, "Af, ashe yana lanƙwasa," ta nemi a sake ta gani da kyau.

Sauran labarin gajere ne. Sun je Jama'are, an cinye su, don ban da Talatu ba mai iya bugu a cikinsu, kuma Jumai ta yi amai a mota zuwa da dawowa. Bayan shekara biyu aka mayar da Malama Husaina wani gari, turakun suka zama na ɗaure tumaki. Goggo ta yi aure, ta haifi takwas, ta binne uku, ta yi shekara hamsin tana dafa kalwa. Duk wannan a taƙaice ta ba ni shi, kamar labarin wata.

Ana gobe arba'in na tambaye ta abin da ta fi tunawa a duk lamarin, ina zaton za ta ce motar ko kogin Jama'are da suka haye. Ta ce a'a, kiran suna ne. Ranar Alhamis ɗin nan, bayan jifan, Malama ta jera su ta buɗe littafi, ta ce wadda ta ji sunanta ta ɗaga hannu. Aka kira takwas, kowa ta ɗaga dama. Aka ce Jumai Talha.

"Sai na rasa wanda zan ɗaga," in ji Goggo. "Shekara da shekaru ina yawo da shi a cikin zane kamar kayan sata. Na tsaya sororo, Malama ta sake kira. Sai na ji muryar Kaka daga gindin zogale ta ce, ɗaga wanda ya yi aikin mana. Na ɗaga shi ina kuka. Wallahi ban sauke ba sai da Malama ta ce, ya isa haka Jumai, kowa ya gani."