Yadda Anti Kofur Ta Riƙe Babban Birni

A gidansu Anti Kofur ake ce mata, har lokacin da 'yan sandan babban birni kaf suka koma ƙarƙashinta.

Ba da niyya ta shiga aikin ba. Ƙanenta ta raka wajen ɗaukar kurata. Aka auna shi, tsawo bai kai ba. Sajan mai awo ya ɗaga kai, ya ga budurwa tsaye zanƙalƙal.

"Ke fa?"

"Rakiya na yi, Yallaɓai."

"Hau nan mu gani."

Da yamma ƙanen ya koma gida da takardunsa, ita ta koma da aiki.

An fara ajiye ta a shataletalen kasuwa tana ba motoci hannu. A satin farko ta tsayar da kawunta, ya biyo hannun da ba nasa ba.

"Kawu, ina wuni? A ba ni lasin."

"Ke, ni na goya ki fa!"

"Na sani, Kawu. Lasin."

Dangi suka yi wata guda suna cin namanta. Kawu dai ya huce. Wanda bai huce ba shi ne wani babban mutum da ta yi wa irin haka bayan ta samu igiya biyu ta zama kofur. Washegari aka tura ta ɗakin ajiye fayil: taga ɗaya, fanka mai kuka, ɓeraye sun fi ma'aikata yawa.

Zaman banza ya ishe ta, sai ta hau karanta tsofaffin ƙararraki. Nan ta lura da abin da ya wuce wa kowa: motoci goma sha ɗaya da aka sace, duk an kai su wurin wanki guda kafin su ɓace. Ta kai wa ogansu maganar. Ya yi dariya har da buga tebur, amma ya ba ta kurata biyu don ta ƙyale shi.

Saura motar da za a ɗana tarko da ita. Mijinta malamin makaranta ne, yana da wata tsohuwar mota da yake ji da ita kamar 'yar fari.

"Malam, motar nan ta yi datti. Bari in kai maka wanki."

Ya ji daɗi, har da sa albarka. A wurin wankin masu wankin suka danna makullin a jikin sabulu a ɓoye, suka yanko irinsa. Kwana huɗu bayan haka ɓarayin suka zo ɗauka da rana tsaka a ƙofar makaranta, kuratan suka yi ram da su. Motar ta rasa ƙofa ɗaya a kokawar. Malam ya yi sati ba ya ce mata komai sai "Sannu da aiki."

Daga nan girma ya yi ta zuwa, har aka damƙa mata birnin. Jiniya ba ta dame ta ba. Abin da take so shi ne ta sa kayan gida, ta shiga caji ofis kamar mai kawo ƙara. Wata rana ta ce an sace mata waya. Kurtun da ke zaune a kantar karɓar ƙara bai ko ɗago ba.

"Mama, babu biro. Ki dawo gobe."

Ta zaro biro daga jaka. Ya ce takarda ma ta ƙare.

"To, ɗana, waiwaya ka ga hoton da ke bayanka."

Ya waiwaya. Ya dube ta, ya sake duban hoton, ya miƙe zai sara mata, hula ta faɗi. Ba ta kore shi ba. Wata guda ta sa ya riƙa kawo mata rajistar ƙararraki da kansa kowace safiya, ta karanta yana tsaye. Kafin watan ya ƙare, babu kantar da ba a samun biro a birnin.

Da ta yi ritaya, kiwon kaji ta kama a bayan gida. Maƙwabta kan kawo mata rigimarsu, ta ce musu ita fa ta ajiye aiki. Sai kuma ta jawo kujera, ta gyara tabarau, ta ce, "To, wa ya fara?"