Rigar da Laka ta Riƙe

Kawuna Verlin Mullenax mai walda ne kuma manomi, amma idan ka tambayi mutanen kwarinmu, taurin kansa za su fara ambata maka kafin sana'arsa. Yayan mahaifiyata ne. A gidan katakon da aka haife shi ya tsufa, a gindin dutse, kuma taku ɗari biyu a bayan gidan akwai bakin kogo. Kakana a nan yake ajiye dankali da madara saboda sanyin wurin. Kawu yana da shekara tara ya fara kutsawa ciki da fitilar mahaifinsa, ya sha duka a kan haka, washegari ya koma.

Duk watan Fabrairu, lokacin da jemagu suka yi nisa a barcinsu na sanyi, yakan shiga sau ɗaya tak, shi kaɗai, ya rage hasken fitilar goshinsa, ya ƙirga su tsaf. In ya fito sai ya rubuta adadin da fensir a jikin kalandar da kantin abincin dabbobi ke rabawa. Ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ya taɓa tambayarsa. Shi dai cewa yake yi su ne ma'aikatan gonarsa, su ke cinye masa ƙwarin masara ba tare da sun nemi ko kofin shayi ba.

Sai rigarsa ta shiga kogo, irin mai haɗe da wando, wadda ya gada wurin mahaifinsa. Mu masu shiga kogo ba ma wanke kayanmu. In ka zo da riga fes, ranar ka shiga uku da tsiya, za a ce ango ya zo ɗaurin aure. Yawan lakar rigarka shi ne girmanka. To ta Kawu ta wuce misali. Shekara sittin na laka ya sa in an jingine ta a rumbu tsayuwa take yi da kanta. Matarsa, Inna Glenna, takan ce sau biyu tana gaishe ta da safe tana zaton mijinta ne.

"Kuma wallahi ta fi shi fara'a," in ji ta.

Shi ya koya mini komai: yadda ake rarrafe a matsatsi, yadda ake riƙe numfashi kusa da jemage mai barci don kada ɗumin bakinka ya tashe shi. Da na girma sai na ga kogonsa ya yi mini kaɗan. Na shiga ƙungiyar masu shiga kogo, muka riƙa loda igiyoyi a a-kori-kura muna zaga jihohi. In na dawo sai in zauna ina cika masa baki.

"Kawu, kogo ɗaya shekara hamsin? Ba ka gajiya?"

"Ban gama ganin wannan ba tukuna, ɗan nan."

A Fabrairun 2009 ya fito daga kogon fuskarsa ba jini. Jemagu na yawo a waje da rana tsaka cikin dusar ƙanƙara, wasu sun zube a bakin kogon kamar busasshen ganye. Na ciki kuwa hancinsu ya yi fari fat, kamar sun tsoma shi a garin masara. Shi da kansa ya buga wa ofishin kula da namun daji waya, mutumin da bai son waya ko ta gaisuwa.

Suka turo wata mata, Lenore Pruitt, mai haƙuri da sanin aikinta. Ta ce wata irin fumfuna ce ke cin fatar jemagu, tana tashinsu daga barci a tsakiyar sanyi, su ƙone kitsen jikinsu su mutu da yunwa. Ta ce gwamnati ta ware kuɗi: za a sa wa kogon ƙofar ƙarfe don hana mutane shiga, a kuma ɗauki mutum ɗaya na yankin da zai riƙe makulli, ya riƙa ƙirga jemagun duk shekara, a biya shi.

Kowa ya san wannan aikin na Kawu ne. Ni ma na sani. Amma injin tsaga katakon da nake aiki ya rufe wata huɗu kafin nan, ina da 'ya'ya biyu, kuma raina ya biya.

Aka kira taro ranar Asabar da yamma a zauren 'yan kwana-kwana, inda muke komai namu, daga biki har zaman makoki. Mata suka kawo wake da burodin masara. Lenore ta yi bayani cewa galibi jemage ne ke shafa wa jemage, amma mai yiwuwa ƙwayar ta hau riga ko takalmi ta bi mutum daga wani kogo zuwa wani, don haka dole a riƙa jiƙa kaya a ruwan zafi. Sai wani daga baya ya ɗaga murya.

"To mu wa ya kawo mana?"

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Ko in faɗi gaskiya, na sani sarai.

"Ku tambayi rigar Kawu Verlin mana! Wannan in aka matse ta, ai har cutar da likitoci ba su gano ba tukuna za ta fito."

Zauren ya kece da dariya. Wani har da buga tebur. Lenore ba ta yi dariya ba, ta juya ta dubi Kawu.

"Malam Mullenax, da gaske ba a taɓa wanke ta ba?"

"Ba a taɓa ba."

Ta rubuta wani abu a takardarta. Ban ga laifinta ba. Baƙuwa ce, ta ji riga mai lakar shekara sittin, dole ta zaci ta zaga kogunan duniya. Tambayar da ya kamata ta biyo baya ita ce, kogo nawa rigar ta shiga, ba kuwa wanda ya sa mata ita a baki. Amsar ɗaya ce. Lakar jikinta kaf ta kogon bayan gidansa ce, ba ta da inda za ta ɗauko cuta.

Rigar da ta yi yawo tawa ce. Sanyin da ya gabata na yi kwana tara a arewa, a kogunan jihar New York, can inda aka fara ganin ciwon. Na dawo na kakkaɓe kayana a jikin shinge, bayan mako biyu na shiga kogon Kawu da su, har ɗakin ƙarshe. Har gobe ba wanda zai iya rantsewa ni na kawo, don jemagu ma suna tafiya mai nisa. Amma a zauren nan mutum ɗaya ne ya kamata ya sunkuyar da kai, kuma shi ne ya ba da dariya.

Aka ba ni aikin.

Washegari na bi ta gidan Kawu na hango hayaƙi. Ya fito da babbar tukunyar tagullar da Inna Glenna ke dafa markaɗen tuffa a cikinta duk kaka, ya cika da ruwa, ya hura itace, ya tsoma rigar. Yana juyawa da muciyar tuffar. Ruwan ya zama kunu. Da ya sa muciya zai ɗago ta, sai hannun rigar ɗaya ya taso shi kaɗai. Ashe zaren ya daɗe da mutuwa, laka ce ke riƙe da ita. Inna Glenna ta tsince maɓallan daga gindin tukunya, ba ta ce mini ko sannu ba.

Da yake shi kaɗai ne mai walda a kwarin, shi aka ba kwangilar ƙofar. Kwana goma sha ɗaya ya yi a kanta. Ya jera ƙarafunan a kwance, ya auna tazararsu yadda jemage zai wuce da fukafukansa a buɗe amma mutum ba zai iya ba. Lenore ta ce ba ta taɓa ganin mai kyanta ba. Ya rataya kwaɗon da hannunsa, ya datse, ya miƙo mini makullin.

"Ka kula da dutsen nan na bayan ruwa, yana motsi."

Abin da ya ce ke nan.

Shekara shida ina shiga duk Fabrairu cikin farar rigar leda da gwamnati ke bayarwa, a sa sau ɗaya a ƙone. Ina karɓar kuɗina. Mutane suka laƙaba wa Kawu suna Mai Fumfuna. In sauro ya yi yawa a damina sai a ce a gode wa Verlin. Yana zuwa zauren duk Asabar, ya zauna a kujerarsa ta kusa da murhu, a tsokane shi ya yi murmushi. Ni kuwa na koyi bin wata hanya in zan je gari, don kada in wuce ta ƙofar gidansa.

A shekara ta shida Lenore ta kira ni. Ta ce kuɗin zai ƙare, koguna masu neman taimako sun yi yawa, kuma sai wanda ya nuna abin da ya yi asara za a ci gaba da ba shi. Ta tambaya ko akwai wanda ya san yawan jemagun kafin ciwon ya zo.

Na yi kwana uku ina juyi kafin na je. Na same shi a kicin, gwiwoyinsa sun kumbura, yana ɓare gyaɗa. Ban gama bayani ba ya ce wa Inna Glenna ta ɗauko akwatin ƙarƙashin gado. Kalanda arba'in da ɗaya, an ɗaure da igiyar ciyawa. Kowace Fabrairu da lambarta. Ta ƙarshe mai cikakken adadi ta ce dubu huɗu da ɗari biyu da goma.

"Bana nawa?" ya tambaye ni.

"Sittin da ɗaya, Kawu."

"Bara fa?"

"Hamsin da takwas."

"To ai sun ƙaru da uku." Ya lumshe ido kamar an yi masa albishir da jika.

Nan ne abin ya fi ƙarfina. Na ce, "Kawu, ba rigarka ba ce. Ni na je arewa. Na shiga da kayan ban wanke ba."

Bai daina ɓare gyaɗarsa ba.

"Dorsey, da ka tafi arewan, wa ya riƙa ba shanunka ciyawa kwana tara?"

Na rasa inda zan sa fuskata.

"To me ya sa ba ka yi magana ba?"

"In na yi, ni sun riga sun ji tsoron rigata, kai kuma su kore ka. Sai su kawo wani daga birni da bai san dutsen bayan ruwa ba, ya je ya tashe su da surutu. Ga yaranka kuma. Ci gyaɗa."

Na ciro makullin na ajiye a gabansa. Na ce gobe in ya so in goya shi har ɗakin ƙarshe. Ya tura mini abina da ɗan yatsa.

"Da wace rigar?"

Na ce to ranar Asabar zan tashi a zaure in faɗa wa kowa. Ya ce yadda na gani. Asabar ta zo na ce sai an amince da kuɗin tukuna, kada in ɓata lamarin. Kalandun Kawu suka yi aiki, aka sabunta mana shekara biyar. Sai na ce bari sanyi ya wuce. Haka na yi ta ɗagawa har shekara biyu, yana zaune kusa da murhu, ina zaune a bakin ƙofa.

Ya rasu a watan Maris, bai sake shiga kogonsa ba. Bayan an binne shi muka taru a zauren cin abinci, aka shiga ba da labaransa ana dariya, yadda muka saba. Sai wani ya ƙwala mini kira.

"Dorsey, maimaita mana maganar rigar nan!"

Na miƙe. Na ce rigar Kawu ba ta taɓa shiga wani kogo ba sai nasa. Na ce ni ne na je arewa, ni na shiga da kaya masu datti, na ɗora masa don in samu aikin. Ina jiran wani ya zage ni, da na ji sanyi.

Inna Glenna ce ta ajiye cokalinta. Ta nuna kujerar kusa da murhu, wadda ba wanda ya yarda ya zauna a kai ranar.

"Zauna, Dorsey," ta ce. "Shekara takwas yana zuwa nan duk Asabar, da ciwon gwiwa da komai. Kana tsammani waken ne yake kawo shi? Ranar da za ka miƙe ka faɗi wannan yake jira."