Shekarar da Kaza Ta Makara

A ƙauyenmu, kudu da Mai Wurno, ba mai yin binne sai babana ya ce ya ga Kaza. Binne shi ne a zuba irin dawa cikin busasshiyar ƙasa ya jira ruwan fari. Wanda ya yi gaggawa, tururuwa su kwashe masa iri. Wanda ya makara, ciyawa ta riga shi. Kaza kuwa tarin ƙananan taurarin nan ne da ke ɓacewa da bazara, sannan su sake leƙowa gabas da asuba, a hayin kogi. Tun kafin a haife ni Baba ke fara ganinta. Ya ƙirga 'ya'yanta bakwai, ya dawo ya faɗa wa mutanen da ke zaune ƙofar masallaci, washegari kowa ya ɗauki sungumi.

Ni ban gaji haƙurinsa ba. A shekarar da na bar aikin masaƙa a garin Hasahisa, na dawo gida da jaka ɗaya da madubin hangen nesa mai ido biyu, wanda muke ce wa munzar. Wajen wani direban babbar mota na same shi. Aiki babu, zama ya ishe ni, sai na bi sama da kallo. Na ga ramuka a fuskar wata. Na ga wani babban tauraro da ɗigo huɗu a gefensa, yau suna nan, gobe sun sake wuri. Don kada munzar ya yi rawa, sai in jingina gwiwar hannu a katanga. Innata ta ce duk unguwa ba wanda ya kai ni aiki, tunda ni ke kiwon taurari.

Baba bai taɓa munzar ba ko sau ɗaya. Da na miƙa masa sai ya ce: "Wanga na sojoji ne. Aje abinka."

Amma ina lura da shi. Ya zuba shayi a gefen kofi. Ba ya amsa gaisuwa da suna sai mutum ya yi magana sau biyu. Yanar ido ta fara rufe masa gani, shi bai faɗa ba, mu ma ba mu faɗa ba.

Lokaci ya yi, Baba shiru. Kwana uku, kwana biyar, mako. Hadari ya fara taruwa ta kudu da yamma yana watsewa. Kullum bayan sallar asuba ya ɗauki sanda ya nufi bakin kogi shi kaɗai, ya dawo bai ce uffan ba. Mutane suka fara tambayata ni, kamar ni na ɓoye Kazar a aljihu. Wani maƙwabcinmu ya ce a gabana gara a saurari rediyo, tsoho ya gaji. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san maƙwabcin na da gaskiya. Na kasa zaune na kasa tsaye. Na zagaya gonarmu ba dalili, na dawo na goge gilashin munzar da bakin riga har Inna ta ce zan huda shi.

Rana ta takwas na bi shi. Ya ji takuna, bai juyo ba.

Na ɗora munzar a ido da ƙarfin gwiwa, na shiga share gabas daga dama zuwa hagu. Ba komai sai jan alfijir da kan itatuwa. Watanni ina kallon sama, ashe ban san inda Kaza ke fitowa ba. Gari na ƙara haske, ni ina ƙara zufa.

"Ina kaka dubi, ya walad?" in ji Baba, wato yaro da Larabci.

"Gabas mana, Baba."

"Gabas na da faɗi." Ya jingina sandarsa a ƙafata, ya kama kafaɗuna biyu ya juya ni hagu, kamar yadda ake juya jaki a kan hanya. "Ka ga gawon nan na hayi, mai reshe guda karye?"

"Na gani."

"Bisa gare shi, kamu ɗaya da yatsa biyu. Maza, gari na wayewa."

Na ɗaga. Ga ta nan. Sai dai ba bakwai ba ne. Sun cika gilashin kamar an watsa gero a tabarma, manya da ƙanana.

"Ɗiyanta nawa?"

"Baba, ba su ƙirguwa. Sun fi talatin."

 Na tura masa munzar a hannu, na ce ya duba da kansa, don Allah. Wannan karon ya karɓa. Ya daɗe da shi a ido, yana fuskantar daidai wurin, bai kuskure ko kaɗan ba. Sannan ya sauke.

"Hazo dai," ya ce. "Bara ma hazo nig gani. Kwana nika ƙirga, in faɗi. Bana na ji tsoron Allah, irin shukar mutane ne."

Tausayinsa ya kama ni. Na ji kunyar duk fushin da na yi da shirunsa.

Muka dawo, ni a gaba, hannunsa a kafaɗata. Mutane na zaune ƙofar masallaci, maƙwabcin nan a cikinsu. Na ɗauka Baba zai ce ya gani, ni kuma na riga na shirya in rufa masa asiri har abada.

"Kaza ta fito," in ji shi. "Ba ni nig gane ta ba, ɗana ne. Daga bana shi za ku tambaya."

Wani ya ce: "Ɗiyanta nawa?"

Na buɗe baki, sai na ji Baba ya matse mini kafaɗa.

"Bakwai," na ce.