Haƙorin da Na Jefa Bisa Ɗakin Kaka

Yau a aji aka nuna mana haƙorin jariri a madubin likita, ɗan tsiro kwance cikin dasashi. Sai na tuna kakata.

Ran da na fara famfara, a ƙauyenmu kusa da Maradun, ta toshe mini baki da tafinta mai ƙanshin daddawa. "Rufe giɓin nan, angona! In ƙadangare ya gani, wani ba ya tsirowa." Ta sa na jefa haƙorin bisa ɗakinta.

Da aka gina madatsar Bakolori, ruwa ya cinye ɗakin. Ita ma ba ta daɗe ba bayan tashinmu.

Kaka, ashe sabon haƙorin yana ƙasa tun tuni, ƙadangare bai da ta cewa. To wa zan tsokana da wannan? Allah ya haskaka makwancinki.