Murfin Randar Yaya

"Ɗaga shi sama kaɗan. A'a, ya karkace."

"To ke zo ki riƙe mana, tunda idonki ma'auni ne."

"Kai, amma matar nan ta iya ƙazanta! Dubi randa baki buɗe, ga kaji har cikin kwanuka."

"Ai shi ya sa ta yi suna. Da ita kakata ke yi mana faɗa. Ka bar kofi a ƙasa, sai ta ce, to, Kada-ki-zama ta dawo."

"Ko tana raye?"

"Ina fa! Mai irin wannan gida ai amai da gudawa ba sa barin ta ta tsufa."

Farfesa yana tsaye a bayan ƙofar zauren taro, hannunsa a kan mariƙi, ya ji su sarai. Ɗalibansa ne biyu ke rataye hoton saboda bikin ritayarsa da za a yi washegari. An faɗaɗa shi har ya kai tsayin mutum: mace a durƙushe gaban randa, ɗankwali a zame, a ƙasa an rubuta "Kada ki zama kamar wannan." Ya saki ƙofar a hankali ya juya. Matar tana raye, shekararta tamanin da ɗaya, kuma yayarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya.

Yana ɗan shekara huɗu mahaifiyarsu ta rasu, Yaya ta ɗauke shi. Abinci take sayarwa a ƙofar garejin gyaran motoci, da shi ta yi masa makaranta har ya fito dubagari. Shekara shida ya yi yana shiga gidaje da sanda da littafin tara, yana leƙa randuna da masai. Abin da ya koya a aikin ɗaya ne: in an hango hularsa sai a share tsakar gida, in ya ba da baya a koma gidan jiya. Yara kuwa ba su fasa mutuwa ba.

Daga nan ya ce tsoro ba ya koya wa mutum wanke hannu, a gwada nuna masa da ido. Da ya kai maganar jami'a, likitoci suka yi masa dariya. Wani ya ce, "Mu muna yanka muna ɗinkewa, kai kana so a ba ka sashe na liƙa takarda a bango?" Aka ba shi wani ɗakin ajiya mai kujera biyu da ɗalibai uku, na ukun a kan kwali yake zama. A nan aka haifi sashen wayar da kai kan lafiya, na farko a ƙasar.

Hoto yake buƙata na gidan da bai kamata a yi koyi da shi ba. Ya zaga gida goma sha ɗaya da kyamarar aro, ko'ina aka rufe masa ƙofa, don ba a manta da sandarsa ba. Sai ya nufi gidan Yaya. Matsalar ita ce a gidan Yaya ko ƙuda sai ya yi sallama. Randarta kullum rufe take da wani farantin ƙarfe, kofin ɗiba yana rataye a ƙusa.

Da hannunsa ya cire farantin. Shi ya barbaza kwanuka, ya watsa tsaba a ciki don kaji su shiga, ya ce ta ɗan zame ɗankwali.

Tana dariya ta ce, "Auta, wannan wane irin karatu ne, na ɓata wa mutane gida?"

"Malamai ne kawai za su gani, Yaya. Jarrabawa ce."

"To, in dai jarrabawa ce, Allah ya ba da sa'a."

Malamai suka gani, ma'aikatar lafiya ta gani, ta buga dubbai. Kafin shekara ta zagayo babu asibitin da ba a liƙa shi ba. Mata suka fara rufe randuna, aka ga bambanci a ɗakunan kwanciyar yara, Auta ya zama dakta, ya zama farfesa, ana gayyatarsa ƙasashe. A ƙofar gareji kuwa, makanikai suka riƙa wuce tukunyar Yaya suna kau da kai. Wata uku ta jure, sannan ta tattara ta koma wankau a cikin gida. Labari ya iske shi. Ya aika da buhun hatsi, bai je ba. Da ya fara zuwa kuma, sai a gaisa, a yi zancen ciwon gwiwa da tsadar gawayi. Shekara arba'in da uku, ko sau ɗaya hoton bai shigo bakinsu ba. In 'yan jarida suka tambaye shi wace ce matar, sai ya ce, "Wata baiwar Allah ce."

Daga bakin zauren bai koma ofis ba. Ya ce wa direba ya huta, ya ja motar da kansa zuwa gidan Yaya.

Ya tarar da ita a kan tabarma tana ninke kaya, tana shafa kowace riga da tafin hannu saboda idon ya yi rauni.

"Wa nake ji kamar Auta? Yau ba Juma'a ba. Wa ya mutu?"

"Ba kowa, Yaya."

"To zauna, ka tsaya mini a ka kamar ka zo cin tara. Miƙo mini kofin can a kan kanta, in ba ka ruwa."

Ya miƙa hannu ya ɗaga kofin, sai ya daskare. Takardar da aka shimfiɗa ƙarƙashin kwanukan ta koɗe, amma ya gane gefen randar, da ƙafar kaza, da rabin fuska.

"Yaya, wannan fa?"

"Wanne? Au, ni ce. Wata nas ta cire mini a asibiti, lokacin goyon ƙaramar 'yata. Takarda ce mai kyau, ba ta shan ruwa."

Ya zauna a ƙasa, bai nemi kujera ba. Shi da ya saba yi wa mutum dubu magana ba takarda, ya rasa ta inda zai kama.

"Kin san ni na cire murfin."

"Da wa zai cire? Kaji?"

"Na ce miki malamai ne kawai."

"Ka ce." Ta ajiye rigar da ke hannunta. "Ranar da na fara ganin sa, ina layin awo ne a asibiti. Matar da ke gabana ta dube shi, ta dube ni, ta ja ɗanta gefe. Na dawo gida na wanke randa sau uku, alhali a wanke take. Na jira ka zo ka ce wani abu. Sai ga buhu."

Ya juya kofin a hannunsa.

"An ce yara sun rage mutuwa," in ji ta. "Da gaske ne, ko shi ma jarrabawa ce?"

"Da gaske ne."

"To alhamdulillahi. Sha ruwanka."

Ya tashi ya nufi randa. Farantin nan ne a kanta, bakinsa ya lanƙwashe, fentin ya tafi, amma yana ƙyalli saboda yawan wanki. Ya ɗaga shi, ya riƙe da hannu biyu, ya manta da ruwan. Gobe za a cika zaure, za a kira shi uban wannan ilimi, a tafa masa a ƙarƙashin fuskarta.

Ya dawo ya durƙusa gabanta.

"Yaya, gobe akwai taro. Ki ara mini farantin nan. Kuma don Allah ki sa kayanki masu kyau ki zo ki zauna a kujerar gaba, in nuna ki, in gaya musu da bakina wanda ya buɗe randar."