Verna Kessler, Mai Rage wa Bindiga Murya

Ƙarfe bakwai na safe, bayan ta sha kofi ta watsa wa kaji tsaba, Gwaggo Verna Kessler takan kashe rediyo ta sauka ɗakin da ke ƙarƙashin gidanta. Duk kwarinmu Gwaggo muke ce mata, har waɗanda suka girme ta. Ɗakin ba taga. Ƙwan fitila ɗaya ne, da dogon teburi, da ɗan ma'auni, da kujeru biyu. A ɗaya take zama. Ɗayar ta marigayi mijinta Orval ce, ko magen gidan zagaye ta take yi.

Aikinta ɗura harsashi. Mu kai mata kwansunan tagulla da muka harba, ta wanke, ta zuba albarushi, ta ɗora kan dalma. Amma nata ba irin na kanti ba ne. Masu sanyin gudu ne, na ƙananan bindigogin da muke harbin dabbobin da ke haƙe mana gonaki. Kwarin nan matsattse ne, gida da garke da coci duk kafaɗa da kafaɗa. Harsashin kanti in ya kuskure sai ya tsallake rafi ya je gidan da ba a aike shi ba. Na Verna ba ya yin nisa haka, ƙararsa kuwa kamar tarin tsoho.

Haɗarin aikin yana cikin ƙarancin albarushin. Kwanso zai iya shanye awo biyu ido bai gane ba. Abin da ya sami Orval ke nan shekara talatin da takwas da suka wuce: bindiga ta tarwatse a hannunsa, ta tafi da yatsu uku da idon hagu. Daga ranar Verna ta karɓi teburin, shi ya koma kujerar gefe yana kallo da idon da ya rage, har ya rasu. Takan jera kwansuna hamsin, ta haska tocila cikin kowanne, ta ce "ɗaya" da ƙarfi. Delbert Shope, mai gyaran tarakta, ya rantse ya taɓa tsayawa a bakin matakala ya ji bayan kowace "ɗaya" tana yin shiru, kamar mai jiran a amsa mata, sannan ta wuce na gaba.

"Gwaggo, wa kike jira?" in ji shi.

"Kai nake jira ka fitar min da takalman nan masu warin garke daga gida."

Gwaggo, ke ce kika mayar da tsoho Harlan Fike daji farauta bayan likita ya ce kafaɗarsa ba za ta ƙara ɗaukar dukan bindiga ba. Ke ce kika kori surukin fasto daga ƙofarki da ya ce ki ƙara masa albarushi kaɗan a harsashi. Lada kuwa, sai ƙwai, da kwalbar zuma, da cinyar barewa in an yi sa'a.

Ni Lorene nake, madara nake tatsa a ƙarshen kwarin, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a daminar bara, da ciwon haukan kare ya shiga yanyawa. Dabbar da ba a ganinta sai da wuya ta fara fitowa tsakar rana, tana tafiya a tsakiyar titi ba gudu ba tsoro. Mutane suka daina barin yara a tsakar gida. Kowa harsashin Verna yake nema, don a bakin ƙofa ake harbin, ga gidajen maƙwabta a bayan abin da ake harbi.

Ranar wata Laraba, rana tsaka, na fito daga garke na ji shanuna sun yi tsit. Ga wata yanyawa nan bakin shinge, taku talatin daga inda nake, miyau na zuba, kanta a karkace, tana nufo ni a hankali. Na ɗauko bindiga daga mota, na saita, na ja kunama. Sai na ji "fuf", ƙara ƙasa da wadda na saba ji. Ko gezau ba ta yi ba. Na ce a raina na kuskure. Na fitar da kwanso, na tura sabon harsashi.

Sai waya ta yi ƙara a aljihuna. Yanyawar ta tsaya cak, ta zauna kamar karen gida tana kallona. Da ba ta zauna ba, da ban duba ba. Sunan Verna na gani, matar da shekara ashirin ba ta taɓa kirana ba.

"Lorene, 'yar nan, kin taɓa kwalin harsashin da na ba ki ranar Lahadi?"

"Yanzu na harba ɗaya, Gwaggo. Bari in ƙarasa ta, ga ta a gabana."

"Ɗauke yatsanki. Ajiye bindigar a ƙasa."

"Gwaggo, mahaukaciya ce fa!"

"Na ce ajiye. Shiga mota ki rufe."

Ban taɓa jin muryarta haka ba. Na ajiye, na ja da baya na shige mota. Dabbar ta taso, ta zo ta shinshina bindigar, sannan ta tsaya a jikin ƙofata tana numfashi. Minti goma sha biyar muna haka kafin Delbert ya iso, don Verna ta kira shi, ya gama da ita.

Ya ɗauki bindigata ya cire harsashin, ya zura sanda ta bakinta. Sandar ta tsaya a rabi. Kan dalmar farko yana nan a maƙale, domin kwanson ba albarushi a ciki, ɗan tartsatsin gindinsa ne kawai ya tura shi rabin hanya. Da na ja kunama karo na biyu, a fuskata za ta fashe. Delbert ya cire hula ya zauna a ƙasa.

Da yamma na same ta a baranda tana ɓare wake. Mil biyu ne tsakaninmu, ga tsauni, ba yadda za a yi ta ji harbina. Na tambaye ta yadda ta sani.

"Ranar Asabar na gama kwalinki, na share teburin tas, na rufe ɗakin," in ji ta. "Ban sake sauka ba sai yau. Na tarar da awo ɗaya na albarushi a kan ma'auni. Daidai, ba daɗi ba ragi."

"To mantawa kika yi da shi a wurin."

"Wataƙila." Ta ci gaba da ɓare wakenta. "Amma ma'aunin a gaban kujerar Orval na same shi. Ni ba a nan nake ajiyewa ba."



Abin da ta yi bayan haka ya fi wannan girma a wurina. Mace mai shekara saba'in da tara ta shiga tsohuwar motarta, ta bi gida talatin da ɗaya, tana faɗa wa kowa da bakinta cewa ta yi kuskure, a ba ta duk harsashin da ta ɗura. Sati biyar tana kwance su ɗaya bayan ɗaya tana aunawa. Ba ta sami ko ɗaya da aibi ba. Duk da haka ta ce ta gama. Muka roƙe ta, Harlan har da hawaye. Ta ce idon da ya tsallake kwanso ɗaya zai tsallake na biyu, kuma ba za ta jira ta ga gidan wa zai faɗa ba.

Gwaggo Verna, mai hannu a hankali, mun gode. Mun gode da shekarun da ba a taɓa jin labari ba saboda ba abin da ya faru. Ni kuma na gode da kiran nan guda ɗaya.

Ku da kuke karantawa, in kuna da aikin da ran wani ya rataya a kai, ku duba shi kamar yadda take dubawa. Ranar da kuka gano kun yi kuskure, kada ku tsaya neman yadda za ku faɗa. Ku ɗauki waya a lokacin, tun wanda ke can bai ja kunama ba.