Faɗaɗa Rumbun Saba Ranar Talata

Gaisuwa ce ta cika mana saba. Ni na haɗa wa dillalan shanu na Talata Mafara manhajar da suke ɗora hoton dabba don mai saye ya gani kafin ya taso, su kuma suka matsa sai da na sa musu wurin naɗar murya. Nufina mutum ya faɗi shekarun bijimi da inda aka yi kiwonsa. Ina! Dillali zai fara da ina kwana, ya bi ta gida da gajiya da ruwa da jikin tsohuwa, ya amsa wa kansa, sannan ya tuna da maganar bijimin. Wani mutumin Damri, can Bakura, har sabar yake tambaya ya iyali.

Sabar nan kwamfuta ce da muke haya a wata ƙasa, ba wanda ya taɓa ganinta. Rumbun ajiyarta bai tashi cika ba sai ranar Talata, kasuwa na ci, kashe ta kuwa daidai yake da rufe kara, wato kasuwar shanu. Dole in faɗaɗa rumbun tana aiki. Raina a ɓace yake tun safe.

Ban san wanda ya kai wa Kawuna labarin aikin a Dosara ta Maradun ba. Ɓarayin daji sun kore garkensa kaf, abin da ya rage masa hotunan da na taɓa ɗauka na ɗora a sabar, kullum bayan asuba yakan buɗe waya ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Sai ga shi a shagona a bayan babur, da sanda da igiya.

"Mi za ka yi ma shanuna?"

"Wuri zan ƙara musu, Kawu."

"Suna ciki za ka tuge shinge? In sunka watse fa? To, ka gaida maƙwabci? Ba a matsad da shinge ba a gaida mai gonar kusa ba."

Ba a gardama da Kawu. Na buɗe shafin taimako na kamfanin, inda na'ura ke amsawa, yana faɗa ina rubutawa: ina kwana, ina gajiya, ya ruwa, ya dabbobi. Na'urar ta ce in bayyana matsalata a taƙaice.

"Wanga ba shi da tarbiyya," in ji Kawu. "Amma tunda bai hana ba, bismillah."

Na fara ɗaukar kwafin rumbun gaba ɗaya na ajiye gefe, don ko ta ɓaci. Sannan na ƙara girmansa. Sabar ta ci gaba da kukan ba wuri, domin sai an ba ta umarni take bazuwa cikin sabon filin. Da na yi masa bayani, Kawu ya ce haka shanu suke, ko an buɗe musu sai an kaɗa su. Ya miƙe, ya ɗaga sanda a kan kwamfutata yana kiran da ake yi wa shanu, ni kuma na danna umarnin. Gaskiya tsoro ya kama ni, domin na san abin da ke ciki.

Fili ya samu, ba hoton da ya yi ko gezau. Dillalai suka koma gaisuwarsu, ba su ma san an yi ba. Kawu ya bi shanunsa a waya har ƙarshe, yana motsa baki.

Na kai hannu zan goge kwafin, ya tambayi ko mene ne. Na ce shanunsa ne dai, an sake su sak, yanzu ba su da amfani.

"Kowace ta zama biyu ke nan?"

"Haka ne, Kawu."

Ya riƙe mini hannu.

"Bar su, ɗana. Tun da anka kore su, yau ɗai sunka ƙaru."